Tsawar Sinai, Shirun Horeb da Dodon Teku

Duk wanda ya zauna ya karanta Littafi Mai Tsarki bi da bi, sura bayan sura, maimakon ya riƙa tsintar ayoyin da ya riga ya haddace, ba zai yi nisa ba sai ya lura cewa littafin ba ya siffanta ikon Allah a kan iska da ruwa da wuta da ƙasa ta hanya ɗaya, har a wasu wuraren sai a ga kamar wata aya tana warware abin da wata ta tufka. A Littafin Fitowa sura ta 19, ranar da Ubangiji ya sauko a Dutsen Sinai, an yi tsawa da walƙiya, baƙin girgije ya rufe dutsen, hayaƙi ya turnuƙe kamar na matoya, dutsen ya yi ta rawa, domin Ubangiji ya sauko a kansa cikin wuta. Amma a 1 Sarakuna sura ta 19, a kan wannan dutsen dai, wanda a can ake kira Horeb, iska mai ƙarfi ta farfasa duwatsu a gaban Annabi Iliya, aka ce Ubangiji ba ya cikin iskar. Ƙasa ta girgiza, aka ce ba ya cikin girgizar. Wuta ta biyo baya, ita ma aka ce ba ya cikinta. Sai da duk wannan ya wuce sannan aka ji wata 'yar siririyar murya, Iliya ya rufe fuskarsa da mayafinsa. Idan mai karatu ya riƙe wannan ya ce shi ke nan, Allah ba ya cikin guguwa, sai Annabi Nahum ya tare shi da cewa hanyar Ubangiji cikin guguwa da hadari take, gizagizai kuwa ƙurar ƙafafunsa ne. Littafin Ayuba sura ta 38 ya ce daga cikin guguwa Ubangiji ya amsa wa Ayuba, Iliyan kansa ma cikin guguwa aka ɗauke shi zuwa sama.

Masu son nuna cewa littafin cike yake da tufka da warwara sukan jera irin waɗannan ayoyi biyu-biyu, su ce ga shi nan kowa ya gani. Masu kare littafin kuwa sau da yawa sukan yi gaggawar yi wa ayoyin ɗinkin dole, su nace cewa duk magana ɗaya suke yi. Ni na biyun ne suka fi damuna, domin na farko bai natsu ya karanta ba, na biyu kuwa ya karanta, ya ga bambancin, sannan ya kau da kai. Abin da na tsaya a kai shi ne, waɗannan siffofi amsoshi ne ga tambayoyi daban-daban da mutane suka yi cikin hali daban-daban, kuma waɗanda suka rubuta su da waɗanda suka tattara su sun san sarai cewa ba kama ɗaya suke ba.

Hujjar wannan tana cikin nassin. Sau da yawa siffofin da ake cewa suna karo da juna ba a littattafai biyu masu nisa suke ba, maƙwabtan juna ne a sura ɗaya. Zabura ta 107 ta ce Allah yakan mai da koguna su zama hamada, ayoyi biyu bayan haka ta ce yakan mai da hamada ta zama tafkuna. Zabura ta 74 a aya ɗaya tak ta ce ya ɓuɓɓugo da maɓuɓɓugai, ya kuma ƙafar da kogunan da ba su taɓa ƙafewa ba. Ayuba sura ta 26 ta ce ya rataye duniya ba a kan kome ba, ayoyi huɗu a gaba kuma tana maganar ginshiƙan sama suna rawa saboda tsautawarsa. Marubuci yana iya manta abin da wani ya rubuta shekaru ɗari biyar kafin a haife shi, amma da wuya ya manta abin da shi da kansa ya rubuta layi huɗu a baya.

Bai kamata wannan ya zame wa Bahaushe baƙon abu ba. Maroƙi a fada yakan kira sarki zaki, ya kira shi giwa, ya kira shi bango, ya kira shi hadari, duk a numfashi ɗaya, kuma ba a taɓa jin wani bafade ya miƙe ya ce masa ya zaɓi ɗaya tun da giwa ba ta zama bango ba. Kowane kirari wani gefe na sarautar yake kamowa. Zabura da yawancin Ayuba da babban kaso na annabawa waƙa ne, kuma da kunnen da ake jin kirari ya kamata a fara jin su. Sai dai cewa kirari ne bai gama magana ba, domin tambaya mai amfani ita ce, me ya sa aka ɗauko wannan kirarin a nan, aka ajiye shi a can?

Amsar tana farawa daga ƙasar da aka yi waƙoƙin. Maimaitawar Shari'a sura ta 11 ta bambanta Masar da Kan'ana a fili: Masar ƙasar ban ruwa ce, ta dogara ga Kogin Nilu, Kan'ana kuwa ƙasar tuddai da kwaruruka ce wadda take shan ruwan sama. Daminarsu daga wajajen Oktoba take zuwa Afrilu, wato lokacin da mu muke fama da hunturu da bazara, daga Mayu zuwa Satumba kuwa kusan ko ɗigo ba a samu. Hadari daga yamma yake taso musu, daga Bahar Rum, iskar gabas kuwa daga hamada take zuwa da zafi tana ƙona tsiro. Idan ruwan farko ya yi jinkiri ba a shuka, idan ruwan ƙarshe ya ƙi zuwa hatsi ba ya cika ido. A irin wannan ƙasa babu tambayar da ta kai wannan nauyi: wa yake riƙe da ruwan sama? Mutanen Kan'ana suna da amsarsu, wato Ba'al, allahnsu na hadari.

Yau mun san abin da suke faɗa a kan Ba'al daga bakinsu, ba daga bakin abokan gābarsu kaɗai ba. A shekarar 1928 garmar wani manomi ta ci karo da wani tsohon kabari a gaɓar tekun Siriya, a 1929 kuma masu binciken kufai daga Faransa ƙarƙashin Claude Schaeffer suka fara tono a Ras Shamra, inda suka gano birnin Ugarit, wanda aka rushe tun farkon ƙarni na 12 kafin haihuwar Almasihu, kafin Isra'ila ta naɗa sarkinta na fari. A allunan yumɓun da aka haƙo ana yi wa Ba'al kirari da mahayin gizagizai, tsawa ce muryarsa, ya yi yaƙi da allahn teku mai suna Yam ya ci nasara, kuma akwai maganar wani maciji mai kai bakwai da ake kira Lotan. Wanda ya san wannan, idan ya koma Zabura ta 104 ya ji an ce gizagizai ne karusar Ubangiji, ko Zabura ta 29 inda aka ambaci muryar Ubangiji sau bakwai tana kakkarya itatuwan al'ul na Lebanon tana girgiza jeji, zai gane cewa mawaƙin Isra'ila ƙwace yake yi. Yana tuɓe wa Ba'al kirarinsa ɗaya bayan ɗaya yana mayar wa mai shi.

Abin da ya faru a Dutsen Karmel ke nan, a 1 Sarakuna sura ta 18. Zamanin Sarki Ahab ne, a ƙarni na 9 kafin haihuwar Almasihu, matarsa Yezebel 'yar sarkin Sidon ta kafa bautar Ba'al a fada, fari kuma ya shiga shekara ta uku. Iliya shi kaɗai ya fuskanci annabawan Ba'al 450 a kan sharaɗin cewa allahn da ya amsa da wuta shi ne Allah. Wuta ta faɗo ta cinye hadaya, sannan wani ɗan girgije kamar tafin hannun mutum ya taso daga teku, sama ta yi baƙi ƙirin, aka kece da ruwa. Tambayar wannan rana ita ce wa yake da wuta da ruwa, don haka dole amsar ta zo cikin wuta da ruwa.

Amma irin wannan nasara tana ɗauke da nata haɗarin. Idan Ubangiji ya ci Ba'al a fagen Ba'al kaɗai, jama'a za su iya ɗauka cewa shi ma allahn hadari ne, sai dai ya fi wancan ƙarfi, wato Ba'al ne da sabon suna. Ga shi kuma wutar Karmel ba ta juya zuciyar fada ba, domin Yezebel na jin labari ta aika wa Iliya da rantsuwar cewa kafin war haka gobe zai bi sawun annabawan da ya kashe. Ya gudu kudu zuwa Biyasheba, ya nausa jeji ya roƙi mutuwa, sannan ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb. A can ne, sura ɗaya kacal bayan wutar Karmel, aka ce Ubangiji ba ya cikin wuta. Nassin bai ce iskar da girgizar da wutar ba nasa ba ne, domin a gabansa suka wuce yayin da yake giftawa, kamar 'yan aike. Abin da aka hana shi ne a ɗauki ɗan aike a matsayin mai aike. Na sha jin ana mai da wannan wuri wa'azin lallashi a kan natsuwa da sauraron Allah cikin shiru, alhali abin da muryar ta faɗa ba mai laushi ba ne ko kaɗan: a je a keɓe Hazayel ya zama sarkin Suriya, Yehu ya zama sarkin Isra'ila, Elisha ya gaji Iliya, wanda ya tsere wa takobin wannan zai faɗa hannun wancan, kuma akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba. An nuna wa Iliya cewa gidan Ahab ba da aradu zai faɗi ba, ta hanyar juyin sarauta ne da zai ɗauki shekaru, wanda shi kansa ba zai ga ƙarshensa ba.

Maganar teku ta fi wannan sarƙaƙiya, kuma a ganina ta fi daɗin nazari. A Farawa sura ta 1 babu yaƙi ko kaɗan. Allah yana magana abu yana kasancewa, ruwaye suna tattaruwa inda aka umarce su, a rana ta biyar kuma aka halicci manyan dodannin ruwa tare da kifaye da tsuntsaye, Allah ya ga yana da kyau. Zabura ta 74 kuwa ta ce ya raba teku da ƙarfinsa, ya farfasa kawunan dodanni a cikin ruwa, ya ragargaza kawunan Lewiyatan. Zabura ta 89 da Ishaya sura ta 51 suna maganar wani dodo mai suna Rahab da aka sassare. Ishaya sura ta 27 ta ce ai kisan Lewiyatan, macijin nan mai gudu mai murɗewa, yana gaba tukuna, kuma siffofin da ta ba shi su ne allunan Ugarit suka ba Lotan. Sai Zabura ta 104 ta zo ta ce ga teku can, jiragen ruwa suna kai da kawowa, ga kuma Lewiyatan wanda Allah ya yi domin ya yi wasa a ciki. Dabba ɗaya ke nan an kashe ta tun fil azal, za a kashe ta a ƙarshen zamani, halitta ce mai kyau, kuma tana can tana wasa.

Tun da George Smith ya wallafa labarin halitta na Babila a 1876 daga allunan da aka samo a Nineba, inda allahnsu Marduk ya kashe Tiyamat, allahiyar teku, ya tsaga gawarta biyu ya yi sama da ƙasa, sannan masanin nan Bajamushe Hermann Gunkel ya yi nazarin alaƙar wannan da Tsohon Alkawari a 1895, ba a ƙara jayayya ba cewa labarin yaƙi da dodon teku sananne ne a duk yankin. Wasu daga nan suka yanke cewa guntattakin tsohon addini ne suka maƙale a Zabura ba a share su ba. Ban yarda da wannan ba, saboda wuraren da siffar yaƙin take fitowa zaɓaɓɓu ne. Zabura ta 74 makoki ce a kan Haikalin da aka sassare da gatura aka cinna wa wuta, abin da yawancin masana suke dangantawa da rushe Urushalima da Nebukadnezzar ya yi a wajajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Zabura ta 89 tana kuka ne a kan rawanin gidan Dawuda da aka jefar a ƙasa. Ishaya 51 kira ne ga hannun Ubangiji ya farka domin waɗanda aka kwashe bauta, kuma daga maganar Rahab kai tsaye ta shiga maganar tekun da aka ƙafar domin fansassu su haye. A Ishaya sura ta 30 Masar ce ake kira Rahab, Ezekiyel sura ta 29 kuma ta kira Fir'auna babban dodon da yake kwance a tsakiyar kogunansa. Dodon ashe yana da fada da runduna da karusai. Mutumin da yake tsaye a kan tokar garinsa ba ya jin duniya a matsayin wuri mai tsari wanda aka duba aka ce yana da kyau, don haka addu'arsa takan ɗauki harshen yaƙi: ka taɓa fasa kan wannan abu, ka sāke. Farawa 1 kuwa wata tambaya take amsawa, ko Allah yana da kishiya a cikin halitta, amsarta kuma ita ce babu, domin abin da al'ummai suke tsoro a matsayin allah, a nan an jera shi ne cikin kifayen rana ta biyar. Da an cire ɗaya daga cikin biyun domin a sami daidaito, da an bar ko dai addinin da ba shi da abin faɗa wa wanda aka ci da yaƙi, ko addinin da Allah yake da abokin kokawa na gaske.

Wasu wuraren ba su buƙatar dogon bayani. Fitowa 14 ta ce iskar gabas mai ƙarfi ce ta busa dukan dare ta kore teku, Fitowa 15 ta ce da numfashin hancin Ubangiji ruwaye suka tsaya kamar tudu. Ta farko labari ce, ta biyu waƙar da aka rera a kan labarin. Zabura ta 104 ta ce ya yafa haske kamar riga, Zabura ta 18 ta ce ya mai da duhu maɓoyarsa, duka biyun kuwa suna faɗin cewa ido ba ya iya kai masa.

Akwai dai wuri ɗaya da kirari ba ya warwarewa, domin a nan magana ta bar siffantawa ta shiga rayukan mutane. Maimaitawar Shari'a 11 ta ce idan jama'a suka yi biyayya za a ba su ruwan farko da na ƙarshe a kan kari, idan suka bauɗe za a rufe sama. Amos sura ta 4 ta ce Ubangiji ya sa ruwa ya sauka a wani gari ya hana wani, domin jan kunne. Yesu kuwa a Matiyu sura ta 5 ya ce Uba yana fito da ranarsa a kan miyagu da nagargaru, yana sauko da ruwa a kan masu adalci da marasa adalci. A Littafin Yunusa Ubangiji ne da kansa ya aiko da babbar iska a kan teku saboda mutum ɗaya da yake gudun aike. A Markus sura ta 4 kuwa guguwa ta taso a Tekun Galili, wanda yake kimanin mita 210 ƙasa da matakin teku, tuddai sun kewaye shi, iska takan gangaro masa ba zato, sai Yesu ya farka ya tsawata wa iskar kamar yadda ya tsawata wa baƙin aljan a sura ta 1. Idan kowace guguwa 'yar aiken Allah ce, wa ake tsawata wa a nan? Sannan ga Ayuba sura ta 1, inda wuta daga sama ta cinye tumaki da makiyaya, iska daga jeji ta rusa gida a kan 'ya'ya goma na mutumin da littafin ya buɗe da shaidar cewa marar aibu ne.

Ana iya rage nisan da ke tsakanin waɗannan, amma ba a iya shafe shi. Gaskiya ne cewa Maimaitawar Shari'a alkawari ne da al'umma ɗaya a kan ƙasa ɗaya, ba ma'aunin da za a auna gonar kowane manomi da shi ba, gaskiya ne kuma cewa mun san dalilin guguwar Yunusa ne kawai saboda mai ba da labarin ya gaya mana. Duk da haka littafin yana riƙe da maganganu biyu a lokaci guda: babu iskar da take busawa a wajen ikon Allah, kuma akwai abin da ya karkace a cikin halitta, wanda Bulus a Romawa sura ta 8 ya kwatanta da nishin naƙuda, wanda kuma ya sa Wahayin Yohanna sura ta 21, da take siffanta sabuwar sama da sabuwar ƙasa, ta ce teku ba ya nan kuma. Da Ubangiji ya amsa wa Ayuba daga cikin guguwa, wato irin abin da ya kashe masa 'ya'ya, bai ba shi dalili ba. Tambayarsa ya yi ko ya san wanda ya haƙa wa ruwan sama hanya domin ya zuba a ƙasar da babu kowa, a jejin da ɗan Adam ba ya zaune, har ciyawa ta tsiro a kufai. Ruwan da ya sauka inda babu mutum ba lada ba ne ga kowa, ba kuma horo ba ne.

Shi ya sa nake jin nauyi duk lokacin da ambaliya ta ci gari ko damina ta yi gardama, wani ya hau mumbari ya ambaci zunubin da ya jawo abin, kamar an aiko masa da takarda. Yana da ayoyin da zai jingina da su, ba shakka, amma abokan Ayuba ma suna da su. Elifaz ya ce shi a iya ganinsa masu huɗar mugunta su ne suke girbe ta, da numfashin Allah suke hallaka, kuma maganarsa ba ta yi nisa da ta Maimaitawar Shari'a ba. A sura ta 42 Ubangiji ya ce fushinsa ya yi ƙuna a kan Elifaz da abokansa biyu domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi, ya umarce su su kawo bijimai bakwai da raguna bakwai, su je wurin mutumin da suka yi ta tuhuma domin ya yi musu addu'a.